Tokar Kaka a Kan Motar Baba

Duk baƙon da ya shigo gidana ya ga baƙar motar nan a ƙarƙashin rumfa, tambaya biyu yake yi. Ta farko, wai tana tashi kuwa? Tana tashi mana, ta ma fi ta maƙwabcina lafiya, wadda bai yi shekara uku da saye ba. Ta biyu, wannan tabon da ke kan kapo fa, me ya hana a shafe shi da fenti? Tabo ne mai ruwan toka a tsakiyar murfin injin, faɗinsa ya kai faifai, ko makaho ya shafa zai ji shi. Sai in ce tsufa ne, in kawo wani zance. Ƙarya nake yi. Ni na yi shi da hannuna ina ƴar shekara tara, kuma ba ni kaɗai ke da hannu a ciki ba.

A unguwar Zango aka haife ni, nan cikin Damagaram, a wani gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida. Sunana Falmata, sunan kakata ta wajen uba aka mayar mini. To, mutum ba ya kama sunan uwarsa, saboda haka Baba ba ya kirana da shi. Uwani yake ce mini. Ba ya kuma dukana, ba ya yi mini tsawa, don wanda ya ɗaga wa takwarar uwarsa hannu, uwar ya ɗaga wa. Yayyena maza uku sun sha dorina har sun ƙoshi. Ni ko harara ban taɓa gani ba daga wajensa. Kowa a gidan ya san da haka, Kaka ta fi kowa sani.

Baba shofer ne. Ya yi shekara da shekaru yana tuƙa manya a wani biro, wato ofis na gwamnati, a cikin wannan motar, ƙirar Faransa, doguwa, mai ƙarfen gaba fari fes. Da ta tsufa aka cire ta daga aiki, shi ma ratret ɗinsa ta zo, ya ajiye aiki, sai ya yi ta sintiri har aka bar masa ita. Ya fasa katangar gidanmu ya yi ƙofa, ya shigo da ita tsakar gida, ya kafa mata rumfa. Daga ranar ba shi da sauran aiki sai ita. Ba haya yake yi da ita ba, ba kuma kasuwa take kai Inna mahaifiyata ba. Ranar Lahadi da la'asar kawai take fita, ya zagaya ta bayan unguwar Birni ya dawo, wai don inji ya motsa jini.

Sauran kwana shidan na gyara ne da goge-goge. Ya kwance buji, wato filogin inji, ɗaya bayan ɗaya, ya wanke su da esansi, wato fetur, a murfin gwangwani, ya jera a kan tsumma. Ya ɗora ta a kan kututture don kada tayoyi su gaji da zama. Kujerun da suka yage, dukawan Birni ya kai wa suka rufe su da jar fatar akuya. Da damina yana tara ruwan sama a kwalabe, wai batir ba ya shan ruwan famfo. Wanka kuwa bokiti biyu take ci, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, a garin da mata ke yini a layin famfo. Inna ta bi ruwan da kallo yana gangarewa ƙasa. Bayan wanka sai siraj, wani kakin goge mota mai zuwa cikin gwangwani, da tsohon rawaninsa da ya yayyanka ya wanke har ya yi laushi.

Baba ba mai magana ba ne. Yakan yini a gida ba ka ji muryarsa ba sai sallama. Amma in yana gefen motar bakinsa yakan buɗe, kuma ni kaɗai yake buɗe wa. Yayyena in sun matso taku uku ya kore su. Ni kuwa sai ya ce, "Uwani, zo riƙe wannan." Ya kama hannuna ya ɗora a kan tsumman. "Ba a dannawa. Zagayawa ake yi a hankali, yadda ake shafa wa jariri mai." Ya bar mini fitilun gaba da mariƙan ƙofa, su ne rabona. Yana gogewa yana ba ni labarin hanyar Agadas da ta Difa, inda ya kafe a rairayi, inda Buzaye suka ba shi shayi suka tura shi. Ranar Lahadi ni ce a kujerar gaba. Ban da wannan ba ni da wani uba. In an raba ni da gefen motar nan an raba ni da shi ke nan, kuma tun ina ƙarama na san haka.

Taku bakwai daga rumfar motar, a ƙofar ɗakin Kaka, nan murhunta yake. Lokacin ɗari, da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta tura kara da ƴan itatuwa ta hura. Mu taru, mu da ƴaƴan maƙwabta, kowa ya ƙudundune cikin zane. Ta binne dankali a cikin rushi, ta zuba gyaɗa a kasko. Daga nan sai tatsuniya, kuma nata buɗin daban yake da na sauran tsofaffi. Takan ce, "Ga wata nan ta taso, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zo, akwai wuri." Wallahi Kaka ta iya. In kura ce ke magana, muryarta ta yi kauri har ƙaramin cikinmu ya ɓuya a bayana. Takan tsaya a daidai inda rai ya rataya, ta tono dankali, ta shiga ɓarewa tana hurawa, mu muna ta roƙo tana yi kamar ba ta ji. Ni nake zama jikin gwiwarta tana sosa mini kai. Takwara take ce mini, kuma ni ke samun dankalin da ya fi nuna. Ba zan ɓoye ba, a lokacin na fi son ta a kan uwata.

Sai dai murhun nan da motar nan ba su taɓa zama lafiya ba. Baba ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Saboda haka faɗansu ta iska yake bi. Shi ya durƙusa daga nesa ya ce, "Iya, hayaƙin nan yana kashe fentin. Kuma akwai esansi a ciki, tartsatsi ɗaya ya isa." Ita ta dubi wutar ta ce, "A gaya wa mai mota, duwatsun nan uku daga Hamdara na zo da su a kan jaki, ran da aka kawo ni gidan nan. A kansu aka dafa ruwan da aka yi masa wankan farko." Ya ce ai ba hana ta wuta ya yi ba, a mayar bayan ɗaki ne kawai. Ta ce, "A gaya masa bayan ɗaki na awaki ne. In ƙarfensa tsoron wuta yake ji, ya kai shi bakin rijiya."

Haka aka yi ta fama shekara biyu. Ita ta ƙara ɗanyen itace da gangan don hayaƙi ya turnuƙe, na gan ta da idona. Shi ya rufe motar da tamfol tun la'asar, yana jan igiya yana tsaki. Tatsuniyoyin ma suka canza. Kullum sai an samu wani ɗa a ciki wanda ya wulaƙanta uwarsa ya koma jaki, ko ƙasa ta haɗiye shi, kuma takan ɗaga murya yadda za ta kai rumfa. Mu muna ta dariya, ba mu san da wa ake ba. Shi ya sani.

A ɗarin shekarar da nake ba da labari, wani wuri a kan kapon ya dushe. Bai fi tafin hannu ba, ta ɓangaren da ke kallon murhu. Baba ya sa siraj, ya goge, ya koma gefe ya karkata kai ya duba, ya sake sawa. Wurin ya ƙi. Sati biyu yana kansa. Labarin Agadas ya tsaya, fuska ta ɗaure. Ran nan na matso da tsummana, bai ko dube ni ba ya ce, "Matsa, Uwani, kin tare mini haske." Bai taɓa cewa in matsa ba sai ranar. Na je bayan ɗaki wajen awaki na yi ta kuka. Kaka ce ta same ni a can, ta share mini hawaye da bakin zanenta, ta tambaye ni, na gaya mata duka.

Ranar Laraba amalanke ya kawo bulon siminti aka jibge a ƙofar gida. Baba ya tsaya a tsakar gida ya faɗa wa Inna, da ƙarfi yadda za a ji, cewa magina za su zo ranar Asabar. Garaj zai gina mai rufi da ƙofa, kuma ginin zai ci har inda murhu yake. Kaka tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ce a gaya wa kowa komai ba. Wannan shirun ya kamata ya ba mu tsoro, amma wa ya lura.

Ranar Alhamis bayan magariba Baba ya fita wajen magini. Kaka ta hura wuta yadda ta saba, ta jawo ni jikinta, ta ce yau tatsuniyar takwara ce.

Wai an yi wani madugu da ya dawo daga arewa da wata tasar tagulla, babba, wadda yaro zai iya kwanciya a ciki. Tun da ya sauke ta bai ƙara duban kowa ba. Ya zauna a zaure da man shanu da tsumma yana gogewa, yana leƙa fuskarsa a ciki. Raƙumansa suka rame, matarsa ta gaji da kira, abokan fatauci suka tafi suka bar shi. A gindin tasar akwai wani ɗan wuri da ya ƙi haske, shi ne ya riƙe shi. Ya rantse ba zai tashi ba sai ya ga idonsa a wurin. Yana da ƴar auta da yake ji da ita. Da can a kan cinyarsa take cin abinci, yanzu in ta zo sai ya ce ta matsa ta tare masa haske.

Da ta kai nan na ɗaga kai na dube ta. Ta ci gaba da sosa mini kai, idonta na kan wuta.

Yarinyar ta tafi rijiya tana kuka, ta tarar da wata tsohuwa ta kasa ɗaga tulu. Ta ɗora mata. Tsohuwar ta tambaye ta abin da ya same ta, ta gaya mata. A nan Kaka ta sassauta murya ta yi ta tsohuwar, har yau ina jin ta a kunnena: "Ƴar nan, maza me suka sani da wanke-wanke? Mai da tsumma wasa ne. Ki ɗebi tokar murhu, ki haɗa da rairayi mai laushi, ki jiƙa, ki sa soso ki dirje da ƙarfinki, ran da ya tafi masallaci. Kada ki gaya wa kowa, in an faɗa ba ya ci." Yarinyar ta yi yadda aka ce. Madugu ya dawo ya tarar da tasa tana ɗaukar ido, wurin nan ya tashi fes. Ya jefar da tsumma, ya ɗauki ƴarsa ya ɗora a wuya, ya zagaya gari da ita. "Ta tafi, ta bar mu da wuta," in ji Kaka, yadda take rufe kowace tatsuniya, ta tono dankali ta miƙo mini.

Ban ga abin shakka a ciki ba. Da toka da rairayi muke wanke tasoshin Inna, ni da kaina na sha dirje gindin tukunya baƙi ƙirin ya koma fari. Abin da ma ya ba ni mamaki shi ne yadda Baba, da duk saninsa, bai san wannan ba.

Ranar Juma'a ya yi wanka ya sa farar riga, ya tafi masallaci da yayyena, a ƙasa, don motar ba ta shiga cunkoso. Kaka ta ce wa Inna ta taso ta raka ta barka, an haihu a gidan wasu dangi a Birni. Gida ya rage ni kaɗai. Na je murhu, sai na tarar da toka a cikin kasko, an tara ta wuri ɗaya, ba gawayi ba tsakuwa, ga ɗan rairayi a gefe cikin sakaina. Na ce kai, yau na yi sa'a. Na janye tamfol, na kifa turmi na hau, na yi bisimilla.

Da farko abin ya yi kyau. Jiƙaƙƙen wurin ya yi baƙi sumul yana sheƙi, har na yi ƴar rawa a kan turmin. Da ya bushe sai ya fito fari-fari, da zanen soso a jiki. Na ce ban dirje sosai ba ne. Na ƙara toka, na faɗaɗa, na sa ƙarfina duka yadda tsohuwar rijiya ta ce. Ruwan da ke gangarowa ya koma baƙi, na ɗauka datti ne ke fita, ashe fentin ne. Ina cikin haka na ji sallamarsa.

Ya tsaya a bakin rumfa da darduma a kafaɗa. Ya dubi kapon, ya dubi hannuna, ya dubi kaskon. Na ce, "Baba, bai gama bushewa ba ne, in ya bushe zai tashi." Ya sa yatsa ya shafa wurin, ya duba yatsan. Hannunsa ya ɗaga, na gan shi, ya tsaya a sama, ya sauke. Daidai nan su Kaka suka yi sallama suka shigo. Sai ya buɗe baki, a tsakar gida, gaban uwarsa da matarsa da ƴaƴansa, ya ce, "Falmata." Inna ta dafe ƙirji. Tun da aka haife shi bai taɓa furta sunan nan ba, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

"Wa ya sa ki?"

Na dubi Kaka. Tana cire mayafi a hankali tana ninkewa. Na ce, "A tatsuniyar madugu ne. Tsohuwar rijiya ce ta ce a sa toka."

Kaka ta yi ƴar dariya ta ce wa Inna, "Ji mini yarinya. Tun ubanta na rarrafe nake yi wa yara tatsuniya, ban taɓa ganin wanda ya tashi ya aikata ba. In na ce kura ta yi magana, sai ta tafi daji ta gaishe ta? Wautar ƙuruciya ce. A gaya wa mai mota ya yi haƙuri, abin da aka ajiye a tsakar gida ai sai yara sun taɓa." Ta shige ɗakinta.

Washegari magina suka zo, Baba ya sallame su. Ya tayar da motar ya fita da ita, ya kai garaj ɗin wani tsohon abokinsa makanike a Sabon Gari. Bulon ya zauna a ƙofar gida har awaki suka mayar da shi wurin hawa. Duwatsun Hamdara ko motsi ba su yi ba. Daga ranar, a can Baba yake yini, gida ya zama na cin tuwo da kwana. Bai ƙara ce mini Uwani ba, bai kuma ƙara kama sunan ba. "Ke" na koma. Ke, kawo ruwa. Ke, kira uwarki. Na gama lekol, wato makarantar boko, na zama ungozoma a asibiti, na yi aure, na haihu, ina "ke" har ya koma ga Allah.

Ni kuwa sakarya na ci gaba da zama jikin gwiwar Kaka. Wannan ne ke ci mini rai har yau. Na ɗauka wautata ce ta raba ni da ubana, kuma ita kaɗai ce ba ta guje ni ba. Ta ci gaba da ba ni dankalin da ya fi nuna, ina karɓa da hannu biyu ina godiya. Ran da ta rasu ina da shekara goma sha shida, ni na fi kowa kuka, har sai da aka rirriƙe ni.

Bayan rasuwar Baba yayyena suka so su miƙa motar ga masu sayen tsohon ƙarfe. Na ce a sa ta a rabona. Da na je garaj ɗin, tsohon makaniken ya janye tamfol, sai ga tabona yana nan yadda na bar shi, baƙin fenti yana sheƙi a kewaye da shi. Makaniken ya ce sau nawa mai fenti yana cewa a kawo ya shafe, Baba ya hana. Siraj yake sawa ya zagaye wurin, shekara ashirin da wani abu. Tsohon ya ce wai ƙauna ce. Ban yarda ba, don in ƙaunar ce ai Baban yana da baki, kuma ya san hanyar gidana. Amma na ɗauki motar. Na roƙi tsohon ya koya mini abin da Baba bai ƙarasa koya mini ba, buji da batir da canjin mai, unguwa tana ta dariyar mace a ƙarƙashin mota. Su yi ta yi.

Shekara biyu bayan haka Gwaggo Zara, ƙanwar Baba, ta zo daga Hamdara ganin likitan ido, ta sauka a wurina. Da magariba aka ɗauke lantarki, ga ɗari, na hura gawayi a tsakar gida. Ƴaƴana suka dame ta sai ta yi musu tatsuniya. Ta ce bari ta yi musu ta Iya, ta madugu mai tasa. Na zauna ina saurare. Komai yana nan, raƙuman da suka rame, ƴar auta, tsohuwar rijiya. Sai tsohuwar ta ce wa yarinyar, "Ran da ya tafi masallaci, ki tuƙa tuwo ki cika tasar, ki zuba miya, ki kira maƙwabta." Madugu ya dawo ya leƙa bai ga fuskarsa ba sai tuwo. Ya ɗaga kai, ya ga ƴarsa da mutanen da ya manta da su, ya wanke hannu ya zauna.

Na ce, "Gwaggo, ina tokar?"

"Wace toka?"

"Tsohuwar ai cewa ta yi a dirje da toka da rairayi."

Ta ce, "Haba, ina aka taɓa. Tun muna yara Iya take yi mana ita, ni da babanki, ta fi a ƙirga, kullum tuwo ne. Iya kuwa ba ta ɓata tatsuniya, ko kalma ɗaya ka canza sai ta gyara maka." Ta juya inda motar take a ƙarƙashin rumfa, ta daɗe tana kallo da idon nata marasa lafiya. Sannan ta ce, "Allah ya jiƙan Iya." Ni ban ce amin ba.

A zaune a wurin komai ya dawo mini. Kaka da ke kwashe tokarta kullum da sassafe ta kai bayan ɗaki, ranar ta bar ta a kasko, a tankaɗe. Rairayi a sakaina. Barka da tsakar rana ran Juma'a, wa yake zuwa? Maganar tare haske da na gaya mata ina kuka, ta ɗauka ta sa a bakin madugu. A cikin jikokinta kuma ni ta zaɓa, don ta san ni kaɗai ce ba zai iya duka ba. Ta tsare bayana daga dorina, ba ta damu da abin da zai ɗauke mini a maimakon dukan ba. Shi ma Baban bai wanku a wurina ba. Ya san tatsuniyar tun yana yaro, ya san tuwo ne a ciki. Da na ambaci madugu da toka ya gane a take wadda ta sa ni. Bai iya yi wa uwarsa komai ba, sai ya sauke a kan mai sunanta, ƴar shekara tara. Su biyu suka yi faɗansu, kowa ya tsira da abinsa, ita da murhu shi da mota. Ina sa su a addu'a ran Juma'a don wajibi ne a kaina, amma ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Yanzu ni ce kaka. Babban ɗana, wanda ni ma ba na kama sunansa, a sashen gidana yake da iyalinsa. Ya haifi ƴa ya mayar mata sunana, Uwani yake ce mata, a kan wuyansa take yawo. Watan jiya ya zo ya durƙusa ya ce rumfar motar nan tana cin wuri, yana so ya fasa ya fitar da shago a bakin titi, motar kuma a san yadda za a yi da ita. Sai na ji bakina yana ce wa matarsa, "A gaya masa." Muka rabu baram-baram. Ranar bayan magariba takwarata ta zo ta zauna jikin gwiwata, shekararta bakwai, ta ce, "Kaka, tatsuniya." Wallahi kafin ta rufe baki ta riga ta haɗu a kaina, da farkonta da ƙarshenta: wani ɗa da zai rushe abin uwarsa, da ƴar autar da aka koya wa yadda za ta hana shi. Na san muryar da zan yi, na san inda zan tsaya in sosa mata kai. Da kuwa ta yi aiki. Sai a lokacin na gane Kaka ba ta sha wata wahala ba. Abin a bakin harshe yake, kuma yana da daɗi.

Na cire hannuna daga kanta. Na ce, "Yau babu, takwara. Tashi ki je wajen babanki." Ta turo baki ta tafi tana jan ƙafa, na ji shi daga can yana cewa, "Uwani, zo nan." Ni kuma na kunna fitilar rumfa, na ɗauko tsumma da gwangwanin siraj, na zagaye tabon a hankali, ban danna ba.